Hoton Ƙarin Mahaifa: Sharhi Kan Sikanin, Gwajin Ruwa da MRI

Takardar sakamakon da ta ce "an ga ƙari a mahaifa, santimita 5" ta tsaya a nan, rabin aiki aka yi wa mai ita. Kafin likitan mata ya yanke shawarar magani, ko tiyata, ko a ƙyale abin a riƙa sa masa ido, yana buƙatar sanin inda ƙarin yake zaune a bangon mahaifa, ko ya taɓa kogon da jinin al'ada ke fitowa kuma ciki ke zama, guda nawa ne, sannan ko da gaske ƙarin tsoka ne ko wani abu ne mai kama da shi. Da wannan ma'auni muka duba hanyoyin ɗaukar hoto da sassan hoto na asibitoci suke yi wa mata masu wannan lalura.

Gano ƙarin ba wani abin yabo ba ne, domin abu ne mai yawan gaske. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003, wanda aka yi wa mata sikanin ba tare da la'akari da ko suna da ƙorafi ba, ya ƙiyasta cewa kafin shekara 50 sama da kashi 80 cikin 100 na mata baƙar fata da kusan kashi 70 na farar fata sun taɓa samunsa. Da yawansu ba su ma san da shi ba. Gwanintar tana wajen bambance wanda ke jawo zubar jini ko ɓari da wanda yake zaune abinsa bai dami kowa ba.

Ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta fitar da tsarin lambobi a 2011 don wannan dalili. Lamba 0 shi ne ƙarin da ya faɗa cikin kogon mahaifa gaba ɗaya, yana reto da ɗan wuya. Lamba 1 ya fi rabi a cikin kogo, lamba 2 kuma rabinsa ko fiye yana nutse a tsoka. Lamba 3 duk jikinsa na cikin tsoka amma ya jingina da shimfiɗar mahaifa, lamba 4 yana tsakiyar bango bai taɓa ciki ko waje ba. Daga 5 zuwa 7 masu turowa waje ne, na 7 shi ne mai wuya da ke reto a cikin mara. Lamba 8 na waɗanda suka fita daga wannan tsari ne, kamar na bakin mahaifa. Ƙari mai santimita 2 a lamba 0 yana iya sa mace zubar jini har jininta ya ƙare, alhali mai santimita 7 a lamba 6 ba ya ƙara mata ko ɗigo. Duk sashen hoton da ba ya rubuta wannan lamba, ko aƙalla ya bayyana wurin da kalmomi, ya rage wa aikinsa daraja.

Sikanin ta saman mara da ta ciki

Sikanin, wato hoton da ake ɗauka da sauti, shi ne matakin farko, kuma ga mafi yawan mata shi ne na ƙarshe idan an yi shi yadda ya kamata. Ba ya amfani da hasken da ke cutarwa, mai ciki ma tana yinsa, kuma cikin minti 15 zuwa 30 an gama.

Na saman mara yana buƙatar cikakkiyar mafitsara. Ana shan ruwa kamar lita ɗaya, awa guda kafin lokaci, a riƙe fitsari. Mafitsarar da ta cika tana ture hanji gefe, ta buɗe wa sautin na'urar hanya zuwa mahaifa, domin iskar da ke cikin hanji tana tarwatsa hoto. Kan na'urar da ake gogawa a ciki yana aiki da sauti na megahaz 3 zuwa 5, wanda ke shiga da nisa amma ba ya fitar da ƙananan abubuwa tas. Amfaninsa shi ne ganin mahaifa gaba ɗayanta, musamman idan ta kumbura ta haura cibiya. Rauninsa kuma, ƙari ƙasa da santimita 1 ko 2 yana iya kuɓuce masa, ballantana ga mace mai kitsen ciki, ko mai tabon tiyata, ko wadda mahaifarta ta kwanta baya. Cika mafitsara fiye da kima ma matsala ce: tana danne mahaifa ta sauya mata siffa, ga mai jinya tana ta mutsu-mutsu saboda matsuwa.

Na ciki, wanda ake yi da siririyar sanda ta farji bayan an sa mata riga mai tsabta da man santsi, akasin haka yake. Sai an zubar da fitsari tukuna. Sautinsa ya kai megahaz 5 zuwa 9, yana kusa da mahaifa, don haka yana nuna shimfiɗar ciki da ƙananan ƙari na 'yan milimitoci. Amma ganinsa ba ya wuce kusan santimita 8 zuwa 10, saboda haka ƙarin da ke can saman babbar mahaifa, ko mai wuya da ya haura sama, ba zai shiga hoton ba sam. Nan ne kuskuren da ya fi yawa yake faruwa, wato a yi ɗaya a bar ɗaya. Sashen da ya san aikinsa yana farawa ta sama da cikakkiyar mafitsara, ya sallami mace ta yi fitsari, sannan ya ƙarasa ta ciki. Ga wadda ba ta taɓa saduwa da namiji ba, ko wadda ba ta amince ba, ba a yin na farji. Akwai hanyar dubura da ke ba da hoto kusan iri ɗaya idan ta yarda. Bayani kafin a fara, da neman izini, da kasancewar ma'aikaciya mace a ɗakin, duk suna cikin ingancin aikin, kuma haƙƙin mai jinya ne ta nema.

A kan allo, ƙarin tsoka yakan fito a dunƙule, da iyaka bayyananniya, ya fi tsokar da ke kewaye da shi duhu, kuma yana jefa inuwa daga gefunansa da kuma cikinsa, layi-layi. Idan aka kunna Dofla, wato launin da ke nuna gudun jini, za a ga jijiyoyi sun zagaye shi ta baki-baki. Wanda ya daɗe ya ƙandare da sinadarin ƙashi yakan yi fari fat ta gaba, bayansa kuma baƙi ƙirin. Wannan inuwar ita ce babbar abokiyar gabar sikanin, domin duk abin da ke bayan babban ƙari a ɓoye yake. Mahaifa mai ƙari goma, sikanin na iya ƙirga biyar.

Abubuwa uku ne suka fi yaudarar mai ɗaukar hoto. Na farko kuma mafi tsada shi ne adinomayosis, lalurar da shimfiɗar mahaifa ke kutsawa cikin tsoka. Ita ma tana kumbura mahaifa, tana kawo ciwon mara da zubar jini, tana jefa inuwa layi-layi. Bambancin shi ne ba ta da iyaka, bango ɗaya yakan fi ɗaya kauri, ana ganin ƙananan ramuka masu ruwa a cikin tsoka, kuma jijiyoyin jini suna ratsa ta tsakiya maimakon su zagaye ta. Masana sun tsara waɗannan alamomi a wata yarjejeniya kan yadda ake bayyana sikanin mahaifa, mai suna MUSA, ta 2015, aka sabunta ɓangaren adinomayosis a 2022. Illar rikita su babba ce: likita ya buɗe ciki da niyyar ɓare ƙari daga kwanfarsa, ya tarar da nama mai cakuɗe da ba shi da inda za a kama. Na biyu shi ne ƙari mai wuya da ya kwanta gefe har aka ɗauke shi kumburin ma'ajiyar ƙwai. Maganin wannan shi ne a nemo ma'ajiyar ƙwai biyun kowacce daban, sannan a bi wuyan da Dofla a ga jijiyar da ta haɗa shi da mahaifa. Na uku, murɗawar tsokar mahaifa ta ɗan lokaci, musamman ga mai ciki, tana yin tudu kamar ƙari. Idan aka ɗan jira aka sake dubawa, sai a ga tudun ya baje.

Batun awo ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ke tayar wa mata hankali a banza. Ana auna kowane ƙari ta fuska uku, tsawo da faɗi da kauri, a ninka su, a sake ninkawa da 0.523 don samun girmansa a mililita. Ƙari mai santimita 5 ta kowace fuska ya kai mililita 65, mai santimita 6 kuma mililita 113. Ke nan santimita ɗaya tak ya kusa ninka shi a lissafi. To amma ma'aikata biyu da na'urori biyu suna iya saɓawa da milimita da dama a kan ƙari guda a rana guda, saboda kowa da kusurwar da ya yanka. Mace ta yi sikanin nan, bayan wata biyu ta yi a can, ta ga 4.6 ya koma 5.1, ta kwana ba barci. Wanda ke bibiyar girman ƙari ya tsaya wuri ɗaya, da tazarar wata 6 zuwa 12 in ba wani sabon ƙorafi, kuma a rubuta wurin kowane ƙari domin a tabbata shi ɗin ne ake sake aunawa.

Gwajin ruwa

A ganinmu gwajin ruwa, wato sikanin da ake yi ana zuba ruwa a kogon mahaifa, shi ne hanyar da aka fi tauye wa haƙƙi. Kogon mahaifa a rufe yake, bangonsa biyu a manne, shi ya sa sikanin na yau da kullum yake shan wuya wajen rarrabe lamba 1 da 2 da 3. Idan aka zuba ruwa kaɗan ya buɗe kogon, ruwan yana fitowa baƙi a allo, sai duk abin da ya turo ciki ya bayyana da siffarsa.

Ana yinsa bayan jinin al'ada ya ɗauke kafin ƙwai ya fita, wajen rana ta 6 zuwa ta 10 ga mai zagayen kwana 28. A lokacin shimfiɗar mahaifa siririya ce, kuma ba a tsoron taɓa sabon ciki. Idan aka yi shi a ƙarshen wata, shimfiɗar ta yi kauri ta nannaɗe, sai a ga abin da ya yi kama da tsiro, wato ɗan naman da ke fitowa daga shimfiɗar, alhali babu. Ana buɗe farji da ƙarfen dubawa, a wanke bakin mahaifa, a zura siririn bututu mai kaurin kusan milimita 2, a cire ƙarfen, a sa sandar sikanin, sannan a tura ruwan gishiri na asibiti a hankali, yawanci mililita 5 zuwa 20. Ciwon mara irin na al'ada yakan zo, shi ya sa ake ba da maganin ciwo irin su ibuprofen minti 30 zuwa awa guda kafin a fara. Ba a yi wa mai ciki, ba a yi wa mai ciwon sanyin mara da ke tashe.

Inda yake lalacewa sananne ne. Idan ba a fitar da iskar cikin bututu da sirinji ba kafin a zura, kumfa za ta shiga ta yi fari ta rufe hoton. Idan bakin mahaifa a sake yake, ruwan zai riƙa dawowa waje kogon bai buɗe ba, sai an yi amfani da bututu mai ɗan balan-balan da ake hurawa da mililita 1 zuwa 2, kuma a ƙarshe a sassauta shi a duba ƙasan kogon da ya tare. Idan bakin a tsuke yake, ko ƙari ya karkatar da hanya, bututun na iya ƙin shiga. Gudajin jini kuma yana kwaikwayon tsiro, sai dai shi yana motsi idan ruwa ya buge shi kuma ba shi da jijiya a Dofla.

Abin da ya sa muke fifita shi ga mai zubar jini da mai neman haihuwa shi ne yana ba da amsar da ko kyamarar leƙa mahaifa ba ta bayarwa. Kyamara tana ganin abin da ya turo cikin kogo kaɗai. Gwajin ruwa yana nuna wannan, ya nuna zurfin da ƙarin ya nutse a tsoka, ya kuma auna kaurin lafiyayyar tsokar da ta rage tsakaninsa da fatar wajen mahaifa. Likitoci da yawa suna son wannan tazara ta kai aƙalla milimita 5 kafin su yarda su kankare ƙari ta farji, don gudun huda mahaifa. Tsiron shimfiɗa ma nan ake rarrabe shi: ya fi haske, kuma jijiya ɗaya ce ke shiga ta gindinsa.

HSG da CT ba za su ɗauke mu lokaci ba. HSG hoton eksire ne da ake ɗauka bayan an tura ruwa mai sinadarin aidin, kuma aikinsa duba ko bututun ƙwai a buɗe suke. Yana iya nuna gurbi a cikin kogo, amma ba zai ce ƙari ne ko tsiro ko kumfar iska ba, bango kuwa ba ya ganinsa ko kaɗan. CT, wato hoton eksire da kwamfuta ke haɗawa yanki-yanki, yana da hasken da illarsa ke taruwa a jiki, kuma a hotonsa ƙari da tsokar mahaifa kusan launinsu ɗaya. Yakan ci karo da ƙari idan ana neman wani abu dabam a ciki. A tura mace CT musamman don ƙarin mahaifa, asarar kuɗi ce da lokaci.

MRI

Babu hoton da ya kai MRI, wanda ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu, fitar da taswira. Inuwa ba ta dame shi, girman mahaifa bai dame shi ba, kuma duk likitan da ya buɗe hotunan zai ga abu ɗaya, saɓanin sikanin da ya dogara da hannun wanda ya riƙe na'ura. Duk da haka ba kowa ke buƙatarsa ba. Wani bincike da aka yi a Denmark aka buga a 2002, kan matan da aka cire wa mahaifa aka kwatanta hoto da abin da aka gani da ido, ya nuna sikanin ta farji da MRI sun yi kunnen doki wajen gano ko akwai ƙari. MRI ya yi zarra ne wajen ƙirga su da faɗin wurarensu idan mahaifa ta haura mililita 375 ko ƙarin ya wuce guda 4. Wannan iyaka ce mai amfani. Sauran wuraren da ya cancanci kuɗinsa su ne kafin tiyatar cire ƙari masu yawa a bar mahaifa, kafin toshe jijiyoyin mahaifa ko ƙona ƙari da sauti mai ƙarfi, da lokacin da sikanin ya kasa cewa kumburin na mahaifa ne ko na ma'ajiyar ƙwai.

Na'urorin masu ƙarfin maganaɗisu na tesla 1.5 ko 3 ne, aikin yana cin minti 30 zuwa 45 a kwance cikin rami mai ƙara, da abin toshe kunne. Motsi shi ne ke ɓata shi, na mai jinya da na hanjinta. Don haka ake cewa a daina cin abinci kamar awa 4 kafin lokaci, kuma wurare da yawa suna yin allurar Buscopan miligiram 20 don hanji ya lafa. Allurar tana sa gani ya dushe na ɗan lokaci da bugun zuciya, kuma ba a yi wa mai hawan jinin ido nau'in da kusurwa ke toshewa ko mai wasu cututtukan zuciya. Ga irin waɗannan ana musanya ta da wata allura mai suna gulukagon. Mafitsara rabi ake so, domin wadda ta cika maƙil tana hana kwanciya lafiya. Tambayoyin ƙarfe a jiki ba na cika takarda ba ne: na'urar bugun zuciya, ƙarfen jijiyar kai, ɓarɓashin ƙarfe a ido, duk sai an tantance. Robar tsarin iyali mai jan ƙarfe ko mai sinadari ba ta hana shiga, amma tsohon zoben baƙin ƙarfe na mahaifa yana hanawa.

A jerin hotunan da ake kira T2, ƙarin tsoka na asali baƙi ne mai iyaka kamar an zana da alƙalami. Idan ya girma ya fi ƙarfin jinin da ke ciyar da shi, cikinsa yakan lalace, launin ya sauya: ya yi ruwa ya yi fari, ko ya yi jini a ciki, abin da ya fi faruwa ga masu ciki kuma yake zuwa da ciwo mai tsanani. Adinomayosis kuwa tana nuna kanta da kaurin wani baƙin layi da ke tsakanin shimfiɗa da tsoka, wanda idan ya kai milimita 12 ake zarginta sosai. Allurar gadoliniyam da ake yi ta jijiya tana nuna ko ƙarin yana shan jini. Wanda ba ya sha ya riga ya mutu, toshe masa jijiya ba zai ƙara komai ba, don haka MRI ba tare da wannan allura ba kafin a toshe jijiya gurgun aiki ne. Ana kauce mata ga mai ciki, ana kuma taka-tsantsan idan awon aikin ƙoda da ake kira eGFR ya faɗi ƙasa da 30.

Akwai abin da ko MRI ba zai iya rantsuwa a kai ba, kuma sashen hoto na gaskiya ba ya ɓoye wannan. Sankarar tsokar mahaifa, sakoma, ba ta da yawa, amma tana iya shigar ƙari. A 2014 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin 350 da aka yi wa tiyata da zaton ƙari ne, sakoma ce ke ɓoye, ta kuma yi gargaɗi kan na'urar da ke daddatsa ƙari a cikin ciki, domin tana iya watsa cutar. Wasu bincike sun sami adadi ƙasa da haka, amma darasin ya zauna. Alamomin da ke sa a yi zargi su ne gefe mara tsari, launi tsaka-tsaki a T2 maimakon baƙi, jini da mataccen nama a tsakiya, kumburarrun kaluluwa, da haske mai ƙarfi a jerin DWI, mai auna motsin ruwa a cikin nama, haɗe da ƙarancin awon wannan motsi da ake kira ADC. Wannan jeri 'yan mintuna kaɗai yake ƙarawa, don haka ba mu ga uzurin barinsa ba. Ƙari baƙi ƙirin a T2 kuma mara haske a DWI yana kwantar da hankali ƙwarai. Saurin girma kaɗai ga mace mai al'ada ba hujja ba ce mai ƙarfi, amma ƙarin da ke girma bayan mace ta daina al'ada gaba ɗaya, ko ya zo da sabon jini a wannan shekaru, ko ga wadda ta sha maganin sankarar nono tamoksifen ko aka taɓa gasa mata ƙugu da haske, ba a jinkirta shi. Hukunci na ƙarshe yana wurin mai duba nama a madubin awo.

Kafin ki bar sashen hoto, ki duba takardarki ko ki sa a karanta miki. Ya kamata ta ƙunshi awon mahaifa ta fuska uku, adadin ƙari, awon manyan da wurin kowanne, gaba ko baya ko sama, lambarsa ta FIGO, halin kogo da kaurin shimfiɗa, ko an ga ma'ajiyar ƙwai biyu, da ranar al'adarki ta ƙarshe. Idan mahaifar babba ce, a leƙa ƙoda biyu a rubuta, domin ƙari yana iya danne bututun fitsari ƙoda ta kumbura ba tare da wani ciwo ba. Idan inuwa ta hana ganin wani ɓangare, a faɗa ƙarara maimakon a rubuta "sauran lafiya". Na MRI kuma, ki karɓi faifan hotunan gaba ɗaya tare da takardar, domin likitan da zai yi tiyata yana son ya bi su yanki-yanki da idonsa ya tsara inda zai tsaga mahaifa, kuma da su za a kwatanta duk hoton da za a ɗauka nan gaba.